Danjar Motar Surukina

Litinin, 4 ga Yuli, 1977, bayan la'asar

Motar Baba na Gwaram ta dawo garejina. Zuwanta na uku ke nan, sai dai yau ta zo da but, wato bayanta, a lotse, gilashin danjar hagu a tarwatse.

Ko a nan ba zan rubuta sunansa ba. Mahaifin matata Hapsatu ne. Tun da ya ba ni ita ban taɓa kama sunansa ba, ban ci abinci a gabansa ba, ban taka tabarmar da yake zama ba. Shi ma ba ya haɗa ido da ni. Ya tsai da motar a inda ya saba, gindin darbejiya, ya fito, na durƙusa na gaishe shi. Yana kallon bishiyar ya ce, "An ɗan gamu da tsautsayi a hanyar Fagam. A duba." Ya ɗora makulli a kan bonet ya nufi tasha.

Sauran labarin a bakin direbobi na tsince shi. Ana yayyafi, shanu suka ratsa titi, Baba ya taka birki, mai babur ɗin da ke biye da shi ya faɗa wa but. Manu ne, malamin dabbobi, wanda ke zagaya Zandam da Kwandiko yana yi wa shanu allura. Ƙafarsa ta dama ta karye. Babur ɗin na ofishinsu ne, sabo fil, yanzu sai dai a tattara.

Manu ya ce danja ba ta kama ba, shi ya sa bai san motar za ta tsaya ba. Baba ya ce danjarsa lafiya lau, surukinsa ne ya gyara ta da hannunsa a makon jiya. Kaf Birnin Kudu kuwa an san mai wayarin ɗaya ne yake auren 'yarsa.

Litinin, bayan magariba

Na buɗe akwatin fis. Na danja a ƙone yake.

Talata, hantsi

Bari in rubuta abin a jere ko kaina ya kwanta.

Aikin danja ba wani abin wahala ba ne. Wuta ta taso daga batir, ta bi ta fis, ta iso ɗan makunnin da ke maƙale a saman fedar birki. In an taka feda makunnin ya haɗa, wutar ta wuce ta waya guda zuwa baya, ƙwayaye su kama. Shi ke nan. Wanda ya yi wata ɗaya a gareji ya san wannan, ni kuwa shekaruna nawa a Kano ina cin zagi a kan waya.

Zuwan farko fis na samu a ƙone. Na sa sabo, na gwada, ta kama, na ce tsufa ne. Zuwa na biyu ma fis ne. Na duba ƙwayaye, na goge mazauninsu, na zargi makunni, na cire na sa sabo, na gwada har na gaji. Ja zur take kamawa. Baba ya zo ɗauka, na ce masa an gama, ba za ta sake ba. Da bakina na faɗi haka, ba wanda ya matsa mini.

To yanzu kuma fis. Amma bugun babur ya fasa gilashi, ya murɗe mazaunin ƙwai, wannan kaɗai ya isa ya ƙona fis. Duk mai wayarin da aka tambaya zai ce haka. Gaskiya ce kuma.

Na sa sabon ƙwai da sabon fis. Ta kama.

Talata, bayan azahar

Ta kama. Ina ta zuwa ina dubawa kamar mai jiran tukunya.

Laraba, da yamma

Hapsatu ta dawo daga Gwaram, ta je yi wa mahaifinta jaje. Tana kwance ƙullin daddawar da innarta ta ba ta tana ba ni labari, fuskarta sai ƙyalli take.

"Ka ji abin da Baba ya ce a zaure kuwa? A gaban mutane fa. Wai in da wani ne ya taɓa motar da zai yi shakka, amma aikin Hambali ba ya tashi."

Ta zaci daɗi zan ji. Na ce Allah ya saka masa, na tashi na ɗebi ruwa kamar mai ƙishi.

Ta ce an tsai da magana. Ranar Alhamis ta sama wakilin mai garin Fagam zai zo nan gareji tare da shugaban su Manu, su ga motar, su ji ta bakina. In danja tana aiki ranar, to Manu ne ya yi ganganci da babur ɗin hukuma, kuma aikinsa ya tafi. Haka shugaban ya faɗa ɓaro-ɓaro. In kuwa ba ta aiki, ta ce, ai ba ma sai an yi wannan maganar ba.

Ban ci tuwon kirki ba. Ta tambaya, na ce ciki ne.

Alhamis, da safe

Na bi wayar da ƙwan gwaji tun daga fis. Wuta tana shiga makunni. An danna feda, tana fita. Tana isa baya. Na jijjiga wayoyin ƙarƙashin sitiyari, na ja, na murɗa, fis ko gezau. Na shiga ƙarƙashin mota na bi da hannu iya inda hannu ya kai. Na mayar da tsohon makunnin da na cire don in kama shi da laifi, shi ma ya yi aikinsa tsaf. Ashe a banza na zarge shi.

Motar nan ba ta taɓa yi mini gardama a gabana ba. Sai ta bar Birnin Kudu take nuna hali.

Juma'a, bayan an sauko

A masallaci wani direban akori-kura ya dafa ni ya ce kada in damu, kowa ya san 'yan baburan nan na ofis gudu suke yi kamar an koro su. Na yi murmushi. Murmushin nan ya tsaya mini a rai har yanzu.

Asabar

Ban taɓa motar ba yau.

Lahadi, hantsi

Akwai gwajin da ban yi ba. Na san da shi tun zuwa na biyu. Ba na son rubuta shi.

Lahadi, bayan la'asar

To bari in rubuta, wa zai gani.

Maigidana na Kano ba ya yarda mota ta fita sai mai gyaran ya shiga, ya zauna inda direba ke zama, ya taka abin da direba ke takawa, ya zaga da ita. In ka ce masa ka gwada a tsaye sai ya tambaye ka ko a tsaye mai ita zai tuƙa ta. Duk motar da ta shigo garejin nan haka nake yi mata, har ta liman.

Ban taɓa zama a kujerar Baba ba. Yadda nake gwada danjarsa shi ne in buɗe ƙofa, in durƙusa a ƙasa, in danna feda da hannu, in tokare ta da guntun sanda a jikin sitiyari, in zagaya baya in duba. Akwai buzun da yake shimfiɗawa a kan kujerar, har ya ɗauki siffar zamansa. Ni in hau wannan? A bakin titi, mutanen tasha suna kallo, gobe a ce an ga Hambali ya harɗe a mazaunin surukinsa? Kuma ba zan iya ce wa Baba ya shiga ya taka mini birki kamar yaron gareji ba.

Na gaya wa kaina feda ba ta san hannu da ƙafa ba. Har yau ban ga inda wannan lissafin ya karkace ba. Amma shi kaɗai ne abin da ya bambanta motar da ke gabana da motar da ke kan hanyar Fagam, kuma na ƙi kallonsa.

Litinin, da safe

Mahaifin Manu ya zo daga Kwandiko. Dogon dattijo ne, da sanda a kafaɗa da malfa a rataye. Na zaci faɗa ya kawo, har na shirya abin da zan ce. Sai ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya ajiye mini ƙwaryar nono a inuwa.

Ya zagaya bayan motar ya daɗe yana duban lotsewar. Ya ce, "Malam Hambali, ni ban san waya ba. A gidanmu shi kaɗai ya yi boko. Tun yana bin maraƙi ban taɓa kama shi da ƙarya ba, amma mutum in ya bugu yana iya mantuwa. Abin da ka gani kawai za ka faɗa."

Na ce in Allah ya yarda.

Na tambayi ƙafar. Ya ce maɗori ya ɗaure, ana jira.

Nonon yana nan. Hapsatu ta dama fura da shi, na kasa sha.

Talata, bayan azahar

Dada ce ta jawo.

Kakata ce, ta wajen uwa, kuma duk faɗin unguwarmu ba wadda ta kai ta jiki. Ta dawo daga barkar haihuwa ruwa ya kama ta, ta faɗo rumfar gareji tana haki tana kiran sunana. Lokacin na tokare feda da sandata, ina tsugune a baya ina kallon danja tana ci, ina tunanin banza.

"Kai mijin banza, matarka ta jiƙe ko kujera babu a gidanka?"

Na ce mata ga benci can. Ta ce bencin da zai karye da ita ya ja mata asara. Ta ga ƙofar mota a buɗe, kafin in buɗe baki ta juya ta zube a kan buzun Baba, ƙafafunta a waje. Motar ta yi ƙasa ta gefe ɗaya.

Na ji ɗan ƙara, tas, daga ƙarƙashin sitiyari. Danjar da nake kallo ta ɗauke.

Na ce, "Dada, kujerar Alhaji ce."

Ta ce, "Wane Alhajin? Wanda na sani yana yawo ba wando? Surukinka ne, ba nawa ba."

Na sa wani fis ɗin tana zaune. Ina danna feda ya sake ƙonewa. Na roƙe ta ta tashi, na sa wani, ta kama lafiya lau. Dada tana ta mita wai na tashe ta don rowar kujera.

Da ruwa ya tsagaita ta tafi, na ɗage shimfiɗar ƙasa ta ƙarƙashin kujerar. Ga ta nan. Wanda ya riƙe motar nan kafin Baba, ko ɓera ne ya cinye masa waya ko mene ne, ya ja sabuwa daga makunni zuwa baya, maimakon ya bi da ita ta gefen ƙofa sai ya ratsa da ita ta ƙarƙashin kujera. Ƙarfen kujerar ya yi ta gugar ta har ya feɗe robar. In ba kowa a kai, ƙarfen ba ya taɓa ta. In mai jiki ya zauna ya taka birki da ƙarfi, ya danna bayansa, ƙarfe ya sauka a kan tsirarar waya, wutar ta zube a jikin mota, fis ya tafi. Baba kuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

Wurin har ya yi baƙi, da ɗigon jan ƙarfe da ya narke. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, ba kuma aikin babur ba. Da na zauna sau ɗaya na yi tsalle a kujerar nan kamar yadda aka koya mini, ko ban kai nauyin Baba ba da na kama ta.

Manu bai manta komai ba.

Talata, bayan magariba

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Laraba, da safe

Baƙin salatif yana aljihuna. Naɗi kaɗan ne, in ja wayar gefe, in mayar da shimfiɗa. Daga nan kowa ya zo ya zauna, har Dada, danja za ta kama. In ce bugu ne ya ƙona fis, kuma ba mai wayarin da zai ƙaryata ni daga nan har Kano. Maganar Baba ta tsaya, sunana ya tsaya.

Na durƙusa a bakin ƙofar har sau biyu. Na farko na ciro salatif ɗin. Na biyu har na kama wayar.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Hapsatu. Tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu.

"To ka gyara mana. Ba aikinka ke nan ba?"

Na ce zan gyara, amma sai sun gani tukuna.

"Baba ya riga ya yi magana a gaban mutane, Hambali. Ka san shi. Tun da nake ban taɓa ganin ya janye magana ba."

Na ce na sani.

"Don girmama shi fa ka ƙi zama. Wa zai ga laifinka a kan wannan?"

Na ce akwai wanda yake kwance a Kwandiko. Ta ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a gefen faifai ba ta lura ba. Ina jin tsoron abin da gobe za ta yi wa zamanmu, kuma ina jin kunyar cewa har yanzu wannan ne ya fi damuna.

Alhamis, bayan la'asar

Sun zo da hantsi. Wakilin mai gari, shugaban su Manu da farar riga da biro, mahaifin Manu, da Baba. Direbobin tasha kuwa ba wanda ya gayyace su, amma ba wanda ya rage.

Wakili ya ce in nuna musu. Na durƙusa, na danna feda, na tokare da sanda kamar kullum. Suka zagaya baya. Danja ta kama ja zur. Wani direba ya ce ai dama. Shugaban ya zare murfin biro. Baba ya gyara babbar rigarsa, mahaifin Manu ya sunkuyar da kai.

A nan zan iya yin shiru, ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Na cire sandar. Na matsa gaban Baba na durƙusa, na ce, "Baba, ina neman alfarma. Ku shiga ku zauna ku taka da kanku."

Ya dube ni, karo na farko da na ga cikin idonsa sosai. Ya tattara riga ya shiga. Ya taka a hankali, aka ce daga baya ta kama.

Na ce, "Ku taka kamar ranar da shanu suka ratsa."

Ya danna da ƙarfi har bayansa ya nutse a kujera. Na ji tas ɗin. Wakili ne ya yi magana daga baya, ya ce, "Ta ɗauke."

Na ɗage shimfiɗa na nuna musu wayar, ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa. Na faɗi zuwan farko da na biyu. Na ce fis ɗin zai iya ƙonewa a birkin farko mai ƙarfi bayan ya bar nan, kuma baƙin da ke wurin ya girmi hatsarin. Shugaban ya tambaya ko zan iya tsayawa a kan wannan, na ce zan iya. Ya ce to ba ruwan Manu, ya rufe biro.

Baba bai fito daga motar ba. Hannunsa yana kan sitiyari. Ya ce, a hankali, ba don jama'a ba, "Sau biyu na kawo maka ita. Ba ka taɓa shiga ba?"

Na ce, "Kujerarku ce, Baba."

Sannan ya ce, "To ka je Kwandiko ka gaya wa Manu haka."

Ya fito. Na zaci tasha zai nufa. Sai ya taka har gaban mahaifin Manu, mutumin da ake durƙusa wa a zauren Gwaram, ya rage tsawo a cikin caɓin bakin gareji, ya ce, "Malam, na shaidi abin da ban sani ba, na ɗora wa ɗanka. Ka yafe ni." Dattijon ya kama hannunsa yana cewa tashi, tashi. Gefen farar rigar Baba ya sha laka. Ni na sa shi wannan, a gaban direbobi.

Bai yi mini sallama ba da zai tafi.

Juma'a, da safe

Na zare wayar gaba ɗaya, na ja sabuwa ta gefen ƙofa, na ɗaure ta. Kafin shayina ya huce an gama. Na ɗauke buzun na ajiye a baya, na shiga na zauna, na taka, na yi tsalle, na ɗora buhun dawa a cinyata na sake takawa. Ba wanda ya ko waiwayo daga tasha.

Asabar

Ƙanin Hapsatu aka aiko ya ɗauki motar. Ba saƙo.

Lahadi

Hapsatu tana yi mini magana, amma ta abinci da ruwa kawai. Mota ɗaya ta tsaya yau, hanyar Gwaram direban ya tambaya.

Talata, bayan magariba

Na je Kwandiko. Akori-kura ta sauke ni a bakin hanya, na ƙarasa da ƙafa ta cikin gero.

Manu yana kwance a rumfa, ƙafar a ɗaure da karare da tsumma. Matashi ne, bai kai ni shekaru ba. A da ina ganinsa ne kawai yana wucewa da akwatin allura a bayan babur. Ya rame. An riga an kai masa labari aikinsa yana nan, ya fara yi mini godiya, na ce ya dakata.

Na gaya masa duka, da sandar, da buzun, da dalilin. Ban ji maganar ta yi ƙanƙanta irin yadda ta yi a gaban ƙafar nan ba. Yana saurare yana kallon rufin rumfa.

Ya ce, "Ni ma ba na zama inda surukina ya zauna."

Ya ce maɗori ya gaya wa mahaifinsa ƙafar za ta ɗinke, amma za ta ɗan fi 'yar uwarta gajarta, su suna zaton bai ji ba. Ya ce abin da yake tunani shi ne da wace ƙafa zai riƙa tayar da babur. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Aka kira azahar. Mazan gidan duk suna gona. Ya duba hagu da dama, ya ce, "Malam Hambali, kama ni in kai bayan ɗaki in yi alwala."

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa na ɗaga. Ya saki jikinsa duka a kaina, yana cije leɓe, muka fara takawa. Duk ramar nan tasa, ya fi yadda na zata nauyi.